Kasuwar na'urar juya fikafikan makamai masu linzami ta koma hannun mai maganaɗisu

A jikin makami mai linzami, kwamfuta ce ke yanke shawarar inda za a nufa, amma ba ita ke juya fikafikai ba. Wannan aikin wata ƙaramar na'ura ce da ke karɓar umarni ta karkata fiffike cikin ƙiftawar ido. Yawanci fikafikan huɗu ne, kuma a makaman zamani kowanne da tasa na'urar. Ke nan duk odar makami dubu tana jan odar na'ura dubu huɗu a bayanta.

Iri uku ake da su: mai aiki da matsin mai, mai aiki da matsin gas, da mai aiki da lantarki. Tsofaffin Sidewinder na Amurka, makaman da jirgin yaƙi ke harbo wani jirgi da su, da gas mai zafi suke juya fikafikai, amma sabon samfurinsu AIM-9X ya koma lantarki, kuma nan ne akasarin sababbin ƙira suka dosa. Dalilin yana cikin ajiya. Makami kan kwana shekara goma ko ashirin a rufe cikin akwatinsa, a zafin hamada ko danshin teku, sannan a buƙace shi ya yi aiki na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da kuskure ba. Mai matsin mai yana da robobin toshewa da ke bushewa su fara yoyo. Mai gas kuwa da zarar an kunna shi an gama, ba a iya gwada shi a mayar. Na lantarki ana iya jona shi da na'urar gwaji, a motsa fiffike, a ga lafiyarsa, a mayar da shi ma'aji.

Kayan cikinsa ba su da yawa: ƙaramin injin lantarki marar burushi, giya ko sukuru mai ƙwallaye da ke rage gudu ya ƙara ƙarfi, boris, na'urar auna inda fiffike ya tsaya, da allon lantarki mai ba da umarni. Wutar kuma daga batir ne da ba ya farkawa sai lokacin harbi. Na lantarkin ma yana da nasa ciwon. Giris kan daskare bayan doguwar ajiya. Haƙoran giya in suka yi sako-sako, fiffike zai riƙa rawa maimakon tsayawa inda aka ce. Sukuru kuma in ya cije, ya cije ke nan, babu mai hawa sama ya sake shi. Shi ya sa mai saye ba ya canza kamfani da wasa: sabuwar na'ura sai ta wuce gwajin girgiza, zafi, sanyi da tsufa, abin da kan ci shekaru.

Wannan ne ya sa 'yan kasuwar ba su da yawa, kuma kullum ƙara haɗewa suke. Kamfanin Woodward na Amurka ya sayi HR Textron a 2009. Parker Hannifin ya haɗiye Meggitt na Ingila a 2022 kan kusan fam biliyan 6.3. Safran na Faransa ya sanar a 2023 cewa zai sayi sashen irin waɗannan na'urori na Collins Aerospace kan dala biliyan 1.8, aka kammala cinikin a 2025, ko da yake yawancin wannan sashe na jiragen sama ne. Moog na jihar New York na nan cikin manya tun shekarun 1950. Ƙetare iyaka ma da wuya, domin yarjejeniyar MTCR ta 1987, wadda ke taƙaita yaɗuwar fasahar makamai masu linzami, ta sa kayan sarrafa tafiyar makami cikin jerin abin da ba a fitarwa sai da lasisi.

Daga 2022, da yaƙin Yukiren, tambayar masu saye ta sauya. A da ana tambayar wa ya fi ƙwarewa a ƙira. Yanzu ana tambayar wa zai iya kawo da yawa a wata. Kamfanin Lockheed Martin ya fitar da makaman kariyar sama PAC-3 MSE sama da 500 a 2024, ya kuma ɗaga rokokin GMLRS zuwa 14,000 a shekara, yana neman kai makaman fasa tanka Javelin daga kusan 2,100 zuwa 3,960 a shekara. Ninka waɗannan da yawan fikafikai, ka ga nauyin da ya sauka kan ƙananan masana'antun da ke yanka giya da naɗa waya.

A ganina, wuyan kwalbar ba a wurin yankan ƙarfe yake ba, yana wurin maganaɗisu. Injin da ke kusa da wutar roka yana buƙatar maganaɗisun samariyam da kobalt, wanda ke riƙe ƙarfinsa har wajen digiri 300 na ma'aunin Selsiyos, inda na niyodimiyam ya daɗe da sanyin jiki. Kusan duk samariyam ɗin duniya a Sin ake tace shi. Ranar 4 ga Afrilu 2025 Beijin ta sa lasisi kan fitar da ma'adanai bakwai, samariyam na ciki, tare da disfrosiyam da tarbiyam da ake ƙara wa niyodimiyam don ya jure zafi. A Yuli na shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba dala miliyan 400 a MP Materials, kamfanin Amurka mai haƙa da tace ma'adanan maganaɗisu. Kuɗi ne mai kauri, amma ba a gina matatar ma'adani da masana'antar maganaɗisu a damina ɗaya.

Can ƙasan kasuwa kuma wani reshe ya tsiro. Jirage marasa matuƙi masu arha irin Shahed-136 sun sa harba makamin miliyoyin daloli a kansu ya zama asara, don haka ake neman makamai masu sauƙin kuɗi irin APKWS na BAE Systems, wanda ke mayar da roka mai faɗin milimita 70 ta zama mai linzami. A nan abin da ake so na'ura ce ƙarama, mai araha, da za a ƙera dubbai da kayan masana'antar motoci. Sababbin kamfanoni ta wannan ƙofar suke shigowa, domin ta manyan makamai har yanzu tana hannun waɗanda suka riga suka ci gwaji.