Tseren kwale-kwale mai zanen iska a tafkin Lagdo: inda aiki ya kai a tsakiyar hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon tuƙi da iska. Ga bayanin inda aiki ya kai daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Janairu. Kwale-kwalen na katako ne, tsawonsa mita 6, faɗin cikinsa mita 1.4, mutum huɗu ke hawansa. Jigon da ke ɗauke da zane itacen turare ne mai tsawon mita 5, an ɗaure shi da igiya uku, biyu a gefuna, ɗaya a goshi. Babban zane murabba'in mita 7 ne, ƙaramin na goshi 2.5, dukkansu na tamfol. An ɗaure jarkoki shida masu lita 20, babu komai a cikinsu, a ƙarƙashin katakon zama. Kowace tana ɗaga kusan kilo 20, don haka ko jirgin ya cika da ruwa ba zai nutse ba.

Abin da ya ci mana lokaci a wannan zango shi ne hawan iska, wato tafiya zuwa inda iska ke fitowa. Bin iska ba gwaninta ba ce, ko ƙwarya aka jefa a ruwa za ta bi ta. A hawa ake cin tsere, domin babu jirgin zane da ke iya fuskantar iska kai tsaye. Mai kyau yana karkacewa da kusan digiri 45, ya yi tafiya ta wannan gefe, ya juya ta wancan. Shi ya sa idan alamar da ake nufa tana nesa da kilomita 1, sai an yi tafiyar kilomita 1.4 kafin a kai ta. Namu a makonnin farko bai ma kai haka ba. Goshinsa yana kallon gaba, amma jikinsa yana zamewa gefe, domin gindin kwale-kwale shafe yake, ba abin da ke riƙe ruwa.

Maganin wannan shi ne allon gefe, wato falankin katako da ake saukarwa cikin ruwa daga bakin jirgi. Lissafin da muka bi shi ne ɓangaren da ke cikin ruwa ya kai wajen kashi 4 cikin 100 na girman zane. Zanenmu duka 9.5 ne, sai aka yanka allo mai faɗin santimita 40, wanda santimita 90 nasa ke nutsewa, kaurinsa santimita 3. A goge bakinsa na gaba ya yi kumburi kamar bayan cokali, na baya kuma a fere shi ya yi siriri. Allon da aka bari da kusurwa yana karkarwa, yana kuma jan jirgi baya. A ɗaure shi da kusa mai noti guda ɗaya, mai kaurin milimita 12, a sa masa wasa babba, wato faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, ciki da waje, yadda zai iya lilo ya ɗaga sama idan ya bugi kututture. Kada a manta a ƙara katako a cikin bangon jirgi inda kusar ta ratsa, don nan ne duk nauyin yake taruwa, kuma nan ne katako ke fara tsagewa.

Wajen kafa allon ne aka fi yin kuskure. Dole ya miƙe daidai da tsakiyar jirgi. A ja zare daga goshi zuwa ƙeya, a auna tazarar bakin allo na gaba da na baya daga zaren, su zo ɗaya. Sannan a duba ta hannun matuƙi. Idan aka saki sandar tuƙi jirgin ya juya goshinsa da ƙarfi zuwa cikin iska, allon ya yi gaba da yawa, a matsar da shi baya. Idan kuwa ya kauce ya bi iska, allon ya yi baya, a dawo da shi gaba. Santimita 10 ake matsarwa kowane gwaji, kada a wuce haka. Namu sai da aka huda rami na uku ya zauna. Abin da ake so shi ne jirgin ya riƙa ɗan jan hannu zuwa cikin iska kaɗan-kaɗan. Wannan ma kariya ce, domin idan matuƙi ya faɗa ruwa jirgin zai fuskanci iska ya tsaya da kansa. Wanda ke kaucewa ya bi iska kuwa gudu zai ƙara, kuma ba mu yarda a fita da irinsa ba.

Da allon ya zauna, sai matsalar juyi ta fito fili. Juyi iri biyu ne. Akwai juyin goshi, inda goshin jirgi ke ratsa iska, akwai kuma juyin ƙeya, inda iska ke wucewa ta baya. Dogon kwale-kwale ba ya son juyin goshi. Yakan kai tsakiya ya tsaya cak, zane na kaɗawa, sannan ya fara ja da baya. Dalilai uku muka gano: an shiga juyi ba gudu, an tura sandar tuƙi da ƙarfi har allon tuƙi ya zama birki, ko an saki ƙaramin zane da wuri.

Ga yadda muke yi yanzu. Matuƙi ya ɗan sassauta hawa jirgin ya samu gudu, ya ce "A shirya." Kowa ya amsa da baki, ba da kai ba. Sai ya ce "Mun juya," ya tura sanda a hankali zuwa gefen da zane yake, kamar digiri 30, ba ƙari. Mai babban zane ya ƙara jan igiyarsa yayin shiga juyin. Mai ƙaramin zane kuwa kada ya saki tasa tukuna. Ya bari iska ta bugi zanen ta bayansa na daƙiƙa biyu ko uku, ita ce za ta ture goshin ya ƙetare, sannan ya saki ya ja ta ɗaya gefen. Na huɗu, mai kwarfar ruwa, shi ne ke fara ƙetarawa, sauran su biyo shi a sunkuye saboda sandar ƙasan zane. Idan duk da haka jirgin ya maƙale, a tura sandar zane da sandar tuƙi gefe ɗaya. Zai ja da baya, goshinsa ya faɗa wannan gefen, sai a miƙe sanda a ja igiya. A fitar gwaji ta ƙarshe an yi juyi ashirin, biyu ne kawai suka maƙale, kuma duka biyun sakin ƙaramin zane da wuri ne ya jawo.

Wani abu mai araha da ya taimaka ƙwarai shi ne zaren ulu. A ɗinka guntu mai tsawon santimita 15 a kowace fuska ta ƙaramin zane, kamar taƙi ɗaya daga bakinsa na gaba. Idan zaren da ke ɓangaren iska yana rawa, an matse iska da yawa, a ɗan kauce. Idan na bayan zane ne ke rawa, a ƙara hawa ko a sassauta igiya. Su biyun suka kwanta, to tafiya ta yi daidai. Masu koyo sun fi son ɗaure zane tam, suna ganin ƙarfi ke nan, alhali shaƙe jirgin suke yi.

Sai mu ce wani abu game da ruwan kansa. Tafkin Lagdo ya samu ne da aka datse kogin Binuwai sama da Garwa a ƙasar Kamaru, aikin da 'yan China suka yi daga 1977 zuwa 1982, kuma girmansa ya kusa murabba'in kilomita 600. Tafki mai wannan faɗi yana tara igiyar ruwa. A hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, takan yi ƙarfi daga hantsi zuwa tsakar rana, ta lafa wajen la'asar. Kusa da duwatsu tana zuwa a guntu-guntu, tana sauya fuska, don haka a kafa filin tsere a sarari, nesa da bakin dam. Ku riƙe wannan lissafi: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun zane da shi ya ninka huɗu. Da zarar farin kumfa ya yawaita a kan igiyar ruwa, iska ta haura kilomita 20 a awa, lokacin rage zane ya yi. An ɗinka layin igiyoyi a babban zanenmu, santimita 90 daga ƙasa, don naɗe shi. A naɗe tun a gaɓa ya fi sauƙi. Igiyar babban zane kuma ba a ƙulle ta, a hannu take zama, domin sakinta ne kaɗai ke hana kifewa idan iska ta bugo ba zato.

Ruwa yana ja baya yayin da rani ke shiga, kututturan da ba a gani a Disamba sukan kusanto sama a Maris. Kafin a jefa jarkokin alama a tambayi masunta inda suka shimfiɗa taru da mamari, da inda dorina ke kwana, a kuma sanar da sarkin ruwa. Abincinsu ne a ruwan nan, mu wasa ya kawo mu. Kowa ya sa rigar ceto, har wanda ya iya iyo, kuma jirgi mai inji ya tsaya kusa. Ranar da hazo ya rufe gaɓa, a haƙura.

Dokokin da muke bi kaɗan ne daga cikin na hukumar tseren jiragen zane ta duniya, wadda ke sabunta su duk shekara huɗu. Idan jirage biyu suka haɗu iska na shigar musu ta gefe daban-daban, wanda iska ke shigar masa ta hagu shi zai kauce. Idan ta gefe ɗaya ce kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi zai ba da hanya. Wajen zagaya alama, idan na ciki ya riga ya jera da kai kafin a shiga tazarar tsawon jirgi uku, wato mita 18 a wurinmu, sai ka ba shi wuri. Wanda ya taɓa alama ya yi zagaye ɗaya, wanda ya tare wa wani hanya ya yi biyu, kuma kowane zagaye ya ƙunshi juyin goshi da juyin ƙeya. Na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, mai ƙarancin maki shi ya ci.

Tashi shi ne inda har yanzu muke da rauni. Ana ɗaga tuta ta farko saura minti 5, ta biyu saura 4, a sauke ta biyun saura 1, a sauke ta farkon a lokacin tashi. Da tuta ake ƙirga lokaci, usur taimako ne kawai. Daga saura minti 4 an haramta filafili. Don sanin wane ƙarshen layin tashi ya fi riba, a tsaya a tsakiyarsa a fuskantar da goshi cikin iska, ƙarshen da goshin ya karkata gare shi shi ne ya fi kusa da alamar farko. Kuskurenmu shi ne isowa da wuri, sai a tsaya jira, tuta ta sauka jirgi ba gudu. Mai nauyin mutum huɗu kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya motsa. Gwajin da muka sa a gaba shi ne a bar layi saura minti 2, a yi tafiyar daƙiƙa 50, a ba juyi daƙiƙa 20, a dawo da cikakken gudu. Mai kwarfar ruwa zai riƙe agogo yana ƙirgawa da ƙarfi, don idon matuƙi ya zauna a kan zane da sauran jirage.

Kafin fita ta gaba akwai gyara biyu. Tamfol ya fara miƙewa, cikin babban zane ya koma baya, shi ya sa jirgin ke kwanciya fiye da da. Za a farke ɗinkin bakin gaba a sake shi, yadda zurfin cikin zai zama kashi ɗaya cikin goma na faɗin zanen, ya kuma zauna gaba da tsakiya kaɗan. Ramuka biyu da aka bari a bangon jirgi wajen gwajin allo kuma za a toshe su da turaku, a shafe da kwalta. Wanda zai zo ranar Asabar ya taho da igiya mai kaurin milimita 10, mita 8, don ta babban zane ta fara cinyewa inda take goga kura.