Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a ciwon cikin nan

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi, jiki ya yi sauƙi, sai dai gajiya da rama. Waɗanda suka bi lamarin tun daga farko kun san yadda aka sha fama, ba sai na maimaita ba. Analiz da ekogarafi, wato gwaje-gwajen asibiti da hoton ciki, duk ba su nuna komi ba, ƙarshe lokotoro ya ce IBS ne, wato hanji ne mai saurin tashi, babu rauni babu ƙari, amma kumburi da murɗa da zawo ko ƙin fitar bayan gida sai su hana mutum sakat. Ya ce ba a warkewa lokaci guda, lallaɓa shi ake da abinci.

To nan fa ake yinta. Wake, ɗanwake, ƙosai, albasa, tafarnuwa, burodi da taliya, madara, mangwaro, kankana, lemun kwalba, ya ce in ajiye su sati 2 zuwa 6, bayan nan in riƙa maido su ɗaya-ɗaya in ga wanne ke tada mini ciki. Yaji da maiƙo da shayi mai ƙarfi a rage. Ni da nake ganin miya ba albasa ai ruwa ce, ranar kuka na yi wallahi.

Ta hana ni faɗa amma sai na faɗa. Yaya, uwargidanmu. Lokacin da wasu ke raɗe-raɗin wai jifa ne, kuma kowa ya san wa suke nufi, ita ce ta ware mini ƴar tukunya daban ko ranar girkinta ne ko ba ranarta ba. Ta ji lokotoro ya ce ana iya soya tafarnuwa cikin mai a tsame ta a zubar, ƙamshin ya zauna, kuma koren lawashi bai da matsala kamar kan albasa, shi ke nan ta riƙe. Shinkafa da karas da ɗan kifi, tuwon gero, dankalin turawa da ƙwai, gwanda in an samu a kasuwa. Wani dare ciki ya murɗe ni har na fara kalmar shahada, ta zauna tana ɗora mini tsumma mai ɗumi har kiran assalatu. Yaya, Allah ya biya ki da Aljanna Firdausi, ya raya miki zuri'a, ya sa kar ki ga ranar da za ki nemi mai jinya ki rasa.

Maigida, Inna, maƙwabtanmu na unguwar Ali Ɗan Sofo, da yaron nan mai kabu-kabu da ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya saka da alheri. Dangi na Tibiri kuma, mun san hidima ta yi yawa, ko waya ma da ta wadatar, amma ba komi.

Masu kawo mini fura don Allah a dama ta da ruwa tukuna, nonon ban kai ga gwada shi ba. Na gode, na gode.