Kafin ka ce yaro ba ya gane kimiyya

Ƙannena da kuka fara riƙe alli, musamman masu koyar da kimiyya: yaron da ke gabanku aiki biyu yake yi a lokaci guda, yana neman gane darasi, yana kuma kokawa da harshen da aka ba shi darasin. A gida Hausa yake yi, a lakwal Faransanci, Ingilishi kuwa sai ya shiga kwalej yake fara jin sa, awa kaɗan a sati. Ga shi tun watan Maris na 2025 dokar ƙasarmu Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma ƴaƴanmu masu BAC, wato shaidar gama sakandare, ba su fasa bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano da Zariya neman karatun likita ko injiniya ba. Irin waɗannan yaran nake koya wa kimiyya da Ingilishi da marece, nan Maraɗi.

Da na fara, cika tabulo nake yi da bayani, su kwafa a kaye, su hardace. Kun san yaron da ya tashi da allo, hadda ba ta ba shi tsoro. Sai ya karanto maka sakin layi guda ba tuntuɓe, ka juya tambayar kaɗan, ya yi tsuru. Na ƙara da hana Hausa a aji, wanda ya kuskura ya biya dala biyar. Aji ya yi tsit, ni kuma na ɗauka ladabi ne. Ashe ƴan biyu-ukun da suka taɓa zama Nijeriya kaɗai nake koyarwa, sauran suna jiran a tashi.

Zoɓo ne ya warware min. Na dafa shi ba sukari, na raba a kofuna uku masu haske. Na matsa lemun tsami a na farko, ya ƙara ja. Na zuba ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rine ya koma kore mai duhu. Na uku na bar shi yadda yake. Na ce kowa ya faɗi abin da ya gani, da harshen da ya ga dama. Wata yarinya da ban san muryarta ba ta ce, "Mushe, ai shi ya sa inna ke jefa kanwa a miyar yakuwa, don ta kashe tsamin." Babin da na yi ta fama da shi, na abu mai tsami da abin da ke kashe tsami, ke nan ta faɗa a jimla ɗaya. Daga nan muka hau ma'aunin pH, mai auna tsamin abu: lemun tsami wajen 2, tsabtataccen ruwa 7, ruwan kanwa sama da haka. Sai a ƙarshe na rubuta sunayen da Ingilishi, kuma suka zauna, don sun sami abin kamawa. Ba sabuwar dabara ba ce. Abdou Moumouni, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta cewa a koyar da ƴaƴan Afirka da harsunansu.

Amma daɗin abin ya ɗebe ni, na koma yin darasi kacokan da Hausa. Ranar da na ba su jarrabawar gwaji da Ingilishi, ga sani a ka, alƙalami ya ƙi tafiya. Wannan ma cuta ce, don mai gyaran takarda a Zariya bai ji bayanin da suka yi min da baki ba. Yanzu ba wanda ke fita sai ya rubuta jimla biyu da kansa, abin da ya gani da kuma dalilinsa, ko da nahawun ya karkace. Wajen gyara ina ba kimiyya makinta daban, harshe nasa daban, don yaro ya san ta ina yake ɗingishi.

Ku fara da abin da bai canja ba: alamomin sinadarai irin su Na, Cl, H₂O, da mita, kilo, duk ɗaya ne a kowane littafi, kuma ganin su yana kwantar wa yaro da hankali. Amma ku kula da waƙafi. Mu a tsarin Faransanci 2,5 muke rubutawa, masu Ingilishi kuwa 2.5. Ɗan lakwal ya ga 1,250 a littafin Ingilishi zai karanta ɗaya da kwata, alhali dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ake nufi. Ga wanda gobe zai auna wa mara lafiya magani, wannan kuskuren ninki dubu ne. Tun satin farko nake sa su karanta min lambobi da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kafin mu taɓa kowane lissafi.