Godiya ga mutanen Tulo-Tulo

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, mun iso gida Azare daren jiya. Mu shida muka tafi, mu shida Allah Ya dawo da mu. Waɗanda suka yi ta kira ba su same mu ba, ku yi haƙuri, babu sabis a inda muke. Ɗana kuma, da zafin rana ya kayar a can Tulo-Tulo, ya warware, yanzu haka yana tsakar gida yana ba ƙannensa labarin raƙumi.

Na daɗe ina ganin hotunan jigayin Tulo-Tulo, can ƙaramar hukumar Yusufari a jihar Yobe, dab da iyakar Nijar, har zuciyata ta kasa haƙura. Muka bi ta Potiskum, muka kwana a Gashuwa, muka yi sammako. Abin da ido ya gani ya fi hoto nesa ba kusa ba. Tudun rairayi ne tsirara, ko ciyawa babu, iska ta zana masa layi-layi kamar an share da tsintsiya. Kana kaiwa samansa sai ka hango kwari kore shar a ƙasa, ga dabino, ga goruba, ga kanwa ta yi fari a bakin ruwa. Na tsaya na kasa cewa komai sai tasbihi.

Kuskuren nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. An ce mini in bari sai sanyi ya shigo, na nace muka tafi a watan Afrilu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40. A hanyar dawowa, gab da azahar, mota ta kafe a cikin rairayi. Garin tumurmusa injin ya ɗauki zafi, muka juye masa rabin ruwan shanmu. Muna ta fama ban lura da ɗana ba, ɗan shekara 14. Da na waiwaya na ga ya daina gumi, leɓensa ya bushe, yana magana ba kai. A nan ne gwiwata ta mutu.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga wani dattijo ɗan ƙabilar Manga ce da ya ɓullo da raƙumansa biyu. Hausarsa kaɗan ce, amma kallo ɗaya ya yi wa yaron ya durƙusar da raƙumi. Ya ɗora shi, ya ja akala, ina biye da su a ƙafa har inuwar goruba a kwarinsu. Baba, Allah Ya saka maka da Aljanna. Sai uwargidansa, wadda ta jiƙa zane da ruwan rijiya ta lulluɓe shi, ta zauna tana yi masa fifita da faifai. Da na ɗauko kwano zan ɗura masa ruwa sai ta riƙe hannuna, ta karɓa, ta riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. Inna, ba ki bar wurin ba sai da ya buɗe ido ya kira sunana.

Matasan garin su ma ba zan manta da su ba. Sun yanko kaba suka shimfiɗa a ƙarƙashin tayoyi, suka sa direbanmu ya rage iskar taya, suka tura cikin wannan rana har mota ta fito. Na zaro kuɗi, dattijon ya naɗe mini hannu ya ce, "Ɗana, mayar aljihu." Na yi magiya har na gaji. Shayi ma su suka dafa mana.

Ina gode wa ma'aikacin lafiyar da ya yi wa yaron ƙarin ruwa a Yusufari bayan magariba, da direbanmu da bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, da Yaya da ta kwana kan sallaya, da makwabtan da suka zauna da mahaifiyar yaron har labari ya iso. Allah Ya bar zumunci.

In Allah Ya kai mu Disamba zan koma, ni da yaron, da sukari da ganyen shayi, mu gaida Baba da Inna a natse. Wanda duk zai bi ta wajen kafin nan, don Allah ya isar musu cewa jikansu ya miƙe.