Jirgin da ya girmi kakana

Shekarar da na sauka Lozan, a ƙasar Suwizalan, ban san kowa ba sai wani ɗan garinmu da ya ba ni katifa a ɗakinsa. Ni mutumin Damagaram ne, ruwan da na sani bai wuce tafkin damina ba. Aikin da na fara samu wankin kwanuka ne a wani gidan abinci na unguwar Ushi, daf da tafkin Leman. Ranar hutu sai in zauna bakin ruwa ina kallon duwatsun Faransa a tsallake, kewar gida na cin raina.

A nan na fara jin jiniyar wani jirgin ruwa, murya mai kauri kamar ta kakaki. Sai ga shi fari fat, dogo, da manyan ƙafafu biyu masu filafilai a gefe da gefe suna dukan ruwa. La Suisse ne sunansa. Tsawonsa mita 78, kuma tun 1910 yake yawo a tafkin nan, wato shekara guda kafin jirgin ƙasa ya iso Kano. Kakana ya sha ba mu labarin jirgin ƙasa mai hayaƙi da ya gani a Kano lokacin da yake fataucin fata. Ni ban taɓa ganin tururi na tuƙa wani abu ba sai a nan, a kan ruwa.

Sai da na yi wata biyu ina tari kafin na yanki tikiti. Ina shiga na ga ba a ɓoye injin ba: tsakiyar jirgin a buɗe take, an kewaye ta da shinge, kowa na leƙawa. Ƙarafa masu kaurin cinyar raƙumi suna hawa da sauka cikin natsuwa, suna sheƙi, ga ɗumi da ƙanshin mai, ga ma'aikaci da ɗan bututunsa yana bi yana ɗiga musu mai. Na manta da tafkin gaba ɗaya.

Wani tsoho da ke tsaye kusa da ni ya ga na daɗe, ya tambaye ni ko ni makanike ne. Na ce, "A'a, Baba, sha'awa ce kawai." Shi ne mutumin ƙasar na farko da ya yi doguwar hira da ni ba a kan aiki ko takardun zama ba. Ya gaya mini kamfanin Sulzer na garin Winterthur ne ya ƙera jirgin, kuma su takwas ne irinsa, an yi su daga 1904 zuwa 1927. Biyar daga ciki har yau da tururi suke tafiya, sai dai yanzu da mai ake dafa ruwan tukunyar, an daina gawayi. Wanda ya fi tsufa a cikinsu, Montreux, an taɓa mayar da shi na dizal, amma a 2001 aka sake sa masa injin tururi. A 2011 kuma gwamnatin yankin Vaud, inda Lozan take, ta sa su cikin kayan tarihin da doka ke karewa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun kuɗin gyara. Akwai ƙungiyar masoya jiragen, kuma mutanen gari ne ke zuba mata gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda muke haɗa kuɗin yaɓen masallacin unguwa kafin damina. Wannan na gane shi tun kafin in gane harshensu sosai. Da albashina ya ɗan ƙaru, ni ma na bayar da nawa.

A watan Maris na 2024 iska mai ƙarfi ta yi ta buga Simplon, ɗaya daga cikin jiragen nan takwas, da gadar tsayawa a ƙauyen Cully har ya yi mummunan rauni. Washegari a kicin ba a yi wata magana ba sai tasa. Na ji zafin abin a ƙirjina kamar an ce rumbun gidanmu ya rushe.

Bazarar da ta biyo na kira Inna ta bidiyo daga cikin La Suisse, na karkata wayar kan injin. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Irin wanda kakanku ke faɗa ke nan? Matsa da wayar in gani da kyau."