TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Ranar da muka ga teku

Assalamu alaikum jama'a, wancan makon na tsaya a inda Abban yara ya yarda mu je Legas gun Yaya hutun Disamba, shi aiki ya riƙe shi, ni da 'yan ukun nan muka kama hanya.

Da yamma muka hau babbar mota a Kano, hunturu ya sauka sosai, na naɗe kowa cikin rigar sanyi har da hula da safa, ga jakar tsaraba guda, kuka ce daddawa ce busasshiyar kuɓewa ce. Abuja, Lokoja, Okene, Ibadan, sai washegari muka iso. Wallahi tun kafin mu shiga gari zufa ta fara tsattsafo mana, Auta sai fizgar hular take tana kuka, kayan sanyin nan har muka dawo ba wanda ya sake kallonsu.

Agege kam kamar kana Fagge, Hausa ta ko'ina, ga mai shayi ga mai tsire, burodinsu mai laushin nan yara suka maƙale masa. Kwana uku muna ta zaga dangi ana ta allah sam barka, sai babban nawa ya ce Umma malaminmu fa ya ce Legas a bakin teku take, ina tekun? Yaya ta kwashe da dariya, wai ita shekararta 11 a garin nan ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Na ce haba Yaya! Ta ce ke rabu da ni, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ran Lahadi mijinta ya kwashe mu har da ita, don sai da na ce in ba ta je ba ni ma na fasa. Muka hau doguwar gadar nan ta Third Mainland, kusan kilomita 12 kana tafiya a kan ruwa, can ƙasa ga Makoko gidajen katako tsaye a kan sanduna yara ƙanana na tuƙa kwalekwale kamar wasa. Nawa suka hau ihu ga teku ga teku, mijin Yaya ya ce wannan ai tafki ne, ku bari tukun.

Can wajen Lekki muka tsaya. Ƙarar na fara ji kafin na ga komai, wani irin ruri kamar tireloli sun jero. Da muka haura yashin sai na tsaya cak. Ni da iyakacina dam ɗin Tiga, a can ko ba komai kana hango tudu, nan ko ruwa ne har ya haɗe da sama, ya taso ya yi kumfa ya ja da baya ya sake dawowa. Yaya ta damƙe hannuna sai Ayatul Kursiyyu take ja.

Na tsakiyar ya ɗiba da tafin hannu ya kurɓa, ya furzar yana yamutsa fuska, Umma waye ya zuba gishiri? Su suna dariya ni idona na kan Auta, ai ko igiyar ruwa ɗaya ta zo har gwiwarta, yashi ya zame a ƙafarta ta zauna daɓas, na suro ta da mayafina da komai jagab. Silifas ɗinta ɗaya ya tafi muna kallo.

Har gida tana rungume da warin takalmin ta ƙi a yar, wai teku zai dawo mata da ɗayan. Yashin kuwa sai da na tsefe mata kitso kafin ya fita. Abin dariyar, da daddare ina shimfiɗa na ji Yaya na tambayar mijinta ko Lahadi mai zuwa yana da aiki.

Sai mako mai zuwa in sha Allah, zan ba ku labarin yadda muka ɓata a Oshodi.