Gwiwa nake fara dubawa kafin fuska

Ni dai in ɗan mutum-mutumin Spider-Man ko Batman ya shigo hannuna ba fuskarsa nake fara kallo ba, gwiwa nake fara lanƙwasawa. Cikin waɗanda na tara, duk wanda har yau nake ɗaukowa in canza masa tsayuwa mai gaɓoɓin kirki ne, masu kyan fuskar da ba sa iya tsayawa da ƙafarsu kuwa suna can kwance a kwali.

A gwanjo na fara, irin buhun kayan wasan yaran nan da ake zazzagewa a ƙasa kowa ya tsinta, motoci ne, 'yan tsana ne, har da hannuwan da ba a san na waye ba. Nan na koyi juya abu in duba tafin ƙafa ko cikin cinya, don na gaske akwai rubutu a jikin robar, Marvel ko DC, wato masu jaruman nan, da sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekara. Wata rana na tsinto Wolverine an rubuta Toy Biz a jikinsa, to su Toy Biz ɗin su suka fara jerin 'yan mutum-mutumin da ake kira Marvel Legends a 2002 kafin Hasbro su karɓa a 2007, ka ga kenan abin ya kwana biyu amma wallahi gwiwarsa gam take. Sai dai shekarar nan kar ka ɗauke ta kamar ranar haihuwa, sau da yawa ta lokacin da aka fara yin wannan jikin ce, don kamfanoni suna maimaita jiki ɗaya su canza kai da fenti kawai.

Girma ma sai ka kula. Marvel Legends inci 6 ne, DC Multiverse na McFarlane da suka fara fitowa a 2020 inci 7 ne, in ka jera su sai ka ga Batman ya kere wa Captain America tsawo ba gaira ba dalili. Na Japan irin su S.H.Figuarts na Bandai da MAFEX na Medicom suna kusa da Legends amma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Hot Toys na Hong Kong kuwa wani aji ne daban, kusan inci 12, da tufafin yadi na gaske, guda ɗaya ya wuce dala 200, ka buga da canjin yanzu ka ƙara kuɗin kawowa ka ji.

To maganar gaɓa. Gwiwar ƙafa da ta hannu ina son mai lanƙwasa biyu, wadda diddige zai iya zuwa kusa da bayan cinya, don Spider-Man ɗin da ba zai iya tsugunno ba ai sunan kawai ya ara. Idon sawu kuma ya zama yana karkata gefe ba gaba da baya kaɗai ba, shi ne ke sa in ka buɗe masa ƙafafu tafin ya zauna daram a ƙasa, kuma gaskiya rabin masu faɗowa daga kan kanta cikin dare matsalarsu kenan. Akwai kafaɗar da ke zamowa gaba ta yadda zai iya haɗa hannu biyu a ƙirji, in akwai ta ina ƙara masa maki. Tsofaffin kuma za ka ga ƙusar roba ta leƙo a gwiwar hannu, wani lokacin ja a kan shuɗi, abin yana min ciwo a ido, sababbin da yawa an ɓoye ta. Amma fa sako-sako da tauri duk aibi ne, kuma taurin ya fi haɗari, don 'yar sandar robar da ke riƙe wuyan hannu siririya ce sosai, kana matsa mata sai ka ji ƙas. In gaɓa ta ƙi motsi tsoma wurin nake yi a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, kamar minti ɗaya, robar ta yi laushi sannan in juya a hankali.

Sai bayan nan nake zuwa fenti, shi ma idanu nake kallo, in ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma magana ta ƙare. Kuma na fi son wanda launin a cikin robar yake a kan wanda aka shafa a sama, musamman wurin da gaɓa ke gogar juna, don nan fenti ke fara goguwa.

Jabu kam sun cika intanet, kuma na Japan ɗin nan aka fi kwaikwaya. Farashi ne ke fara tona su, abin da ake sayarwa kusan dala 100 ka gan shi a dala 20 ka san akwai lauje cikin naɗi. In ya iso kuma wari ne zai fara maka sallama, warin roba mai hawa kai, fatar tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, ƙarin hannun da ake haɗowa da shi don canji ya ƙi shiga ko ya shiga ya faɗo. Yanzu duk mai sayarwar da hoton talla na kamfani kawai ya saka, cewa nake malam ɗauko min hoton wanda ke hannunka gaba da baya da tafin ƙafa, in ya fara kwana-kwana na wuce.

Tambaya biyu ba ta ƙarewa a gida, yaushe zan girma, da kuma hukuncin ajiye mutum-mutumi. Ta biyun kam mai nauyi ce, malamai sun yi bayani a kai, kowa ya tambayi nasa.

Abin da masu bitar kayan nan a YouTube ba sa cika faɗa shi ne zafi, don su ɗakunansu da sanyi. Yawancin jikin PVC ne, roba mai laushi da aka sa mata sinadarin da ke hana ta bushewa, to a zafin Afrilu irin na Kano ƙafafun sirara suna bauɗewa saboda nauyin jiki, kuma in ka kulle shi a leda ko kwali ba iska sinadarin nan yana tsattsafowa ya yi danƙo. Shi ya sa ban yarda da barin su a kwali ba, buɗewa nake. Mai danƙo sabulu da ruwan ɗumi ne maganinsa, mai bauɗaɗɗiyar ƙafa kuma ruwan zafi, ka miƙe ta, ka tsoma a ruwan sanyi ta kame. Rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, don haka nesa da taga, ƙurar hunturu kuma burushin kwalliya mai laushi ya ishe ta. Wanda ba shi da magani shi ne jaket ko alkyabbar fatar roba da ake sa wa manyan nan masu tsada, in ta fara ɓarewa sai dai ka yi ta share ɓurɓushi, don haka ko rangwame aka yi min ina ganin irin wannan rigar nake ajiyewa in nemi mai ta yadi.